Fankar Bilya a Dutsen Mokolo

Dutsen bayan Mokolo,
17 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Kawu Shu'aibu mai naɗin dinamo, Pumpumre, Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai dai fukar matata Hindu da take tashi lokaci-lokaci. Tana gaishe ka da girmamawa.

Kawu, na san ka ji a bakin Inna cewa kamfanin auduga na Kaele ya sallame mu. Kunya ce ta hana ni zuwa in gaya maka da kaina. Na tuna ranar da na ajiye maka kayan aiki bayan shekara biyu kacal ina koyo a gabanka, na ce albashi ya fi. Ka ce mini albashi inuwar girgije ce. To, girgijen ya wuce.

Yanzu muna kan dutse, tafiyar awa biyu a ƙafa daga inda mota take tsayawa, a wata gona da mahaifin Hindu ya saya tuntuni bai taɓa nomawa ba. Ɗaki ɗaya muka gina da dutse, da rumfa, da turken awaki. Dankali muke nomawa. Maƙwabcinmu ɗaya ne, wani ɗan ƙabilar Mafa mai suna Théodore, da matarsa Madeleine. Da Fillanci muke magana da su, kuma mutanen kirki ne.

Abin da ya dame ni fitilar kananzir ce. Da an kunna ta hayaƙi zai shaƙe Hindu, ta yi ta tari har sai an fitar da ita waje. Amma iska, Kawu! A nan iska ba ta hutu. Sau biyu tana kwashe mana rufin rumfa. Ran nan ina kallon zanen Hindu yana kaɗawa a kan igiya, sai na tuna fankar da ka taɓa haɗawa a bayan shago da dinamon babbar mota, wadda ta kunna ampul, ƙwan lantarki, har mutanen unguwa suka taru kallo. In za ka yafe mini abin da ya wuce, ka koya mini ita a takarda. Ampul ɗaya nake so da rediyo, ba ƙari.

Brahim direba, mai zuwa kasuwar Laraba, shi zai kawo maka wannan, kuma ta hannunsa amsa za ta same ni.

Ɗanka,
Bilya


Pumpumre, Garwa,
12 ga Disamba, 1993

Bilya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Mu ma lafiya. A gai da Hindu, a yi mata sannu da jiki.

Maganar yafiya ka bar ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga dinamo nan a kwali hannun Brahim. Kwana tara na yi a kansa. Na warware tsohuwar wayar na naɗa siririya, na sa masa maganaɗisun tsofaffin lasifika don ya ba da kuran, wato wutar lantarki, ko iska ba ta yi ƙarfi ba. Kada ka buɗe shi. Akwai zane a cikin kwalin, ka bi shi kamar yadda kake bin liman.

Fukafukai uku za ka sassaƙa da busasshen katako marar gaɓa, kowanne mita ɗaya. In ka ɗaura su, ka rataya ka juya da hannu. In kullum ɗaya ne yake tsayawa a ƙasa, ya fi 'yan uwansa nauyi; ka kankare shi har su daidaita. Wanda ya yi ragwanci a nan, fanka za ta yi ta girgiza har ta kwance kanta.

Bututun ƙarfe mita shida zai ɗauke ta, waya huɗu su riƙe shi ta kusurwa huɗu, kowace a ɗaure a ƙarfen da ka kafa cikin dutse. Ka nisanta shi da ɗaki taku talatin, kuma kada ya tsaya a kan hanyar mutane ko ta awaki. A gindinsa ka binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri, ka haɗa ta da bututun, saboda aradu. Batir ba a kwana ɗaki ɗaya da shi. Yana fitar da iska mai kama wuta, ga matarka da fuka. Ka yi masa akurki a waje. Fiyus ɗin da na sa a kan wayar, in ya ƙone, kada ka maye shi da guntun waya irin na 'yan tasha.

Wannan rabin karatu ne. Saura takarda ta biyu, ta wutsiya da birki: yadda fanka za ta kau da kai in iska ta haukace, da yadda ake tsayar da ita. Zanenta yana da wuya, kuma kwanan nan ba na daɗewa a kan takarda. Iskar rani ba za ta yi maka komai ba. Kafin hadari ya fara haɗuwa zan aiko.

Na ji daɗi da ka tambaye ni. Ban yi niyyar faɗa ba, amma ga shi na faɗa.

Kawunka,
Shu'aibu


Dutsen bayan Mokolo,
23 ga Fabrairu, 1994

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Yaya azumi, yaya jiki, yaya mutanen gida? Mu lafiya ƙalau.

Ta kama, Kawu! Wallahi ta kama!

Ka yi haƙuri da jinkirina. Fukafukan farko sun tsage, katakon bai gama bushewa ba, sai da na sake wasu. Bututu kuwa mu huɗu muka hau da shi dutse a kafaɗa, ni da Théodore da ƙannensa biyu. Ranar Juma'a da hantsi muka tayar da shi. Iska tana busawa, fanka ta yi tsaye ƙiƙam kamar an yi mata asiri. Théodore ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Maƙwabci, ko dai ita ma azumi take yi?" Ashe fukafukan na ɗaura a baibai. Muka sauke, na juya su, muka sake tayarwa. Kafin mu gama ɗaure waya ta huɗu ta fara juyawa, sai na ji Hindu tana kira daga ɗaki, "Ga wuta! Ga wuta!" Da rana tsaka muka tsaya mu shida muna kallon ampul. Madeleine ta kai hannu ta taɓa, ta janye, ta sake taɓawa.

Yau kwana goma sha biyu ba mu kunna fitila ba, kuma tarin Hindu ya lafa sosai. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi a watan jiya batirin rediyo ya gagari mutane, don haka yanzu rumfarmu ce majalisar jin labarai. Har daga bayan dutse ake zuwa. Wani tsoho ya ce ko a Garwa bai ga irin wannan ba.

Duk abin da ka ce na yi: sandar aradu, akurkin batir, taku talatin. Wutsiya ma na yanka murfin duro na yi mata, tana bin iska duk inda ta juya. Saboda haka, Kawu, kada ka wahalar da kanka da wani zane kuma. Abin da ya rage zan iya da kaina. Lokacin da za ka riƙa sunkuyawa a kan takarda ya wuce, ka huta haka nan.

Ga ɗan dankali a buhu, na gonarmu ne. Allah ya saka da alheri.

Ɗanka,
Bilya


Dutsen bayan Mokolo,
13 ga Afrilu, 1994

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya, sai dai hankalinmu yana wajenka. Salla ta zo ta wuce, mako bakwai ke nan ba mu ji daga gare ka ba. Brahim ya rantse ya ba ka takarda da buhu hannu da hannu, ya ce ya same ka a shago. In jiki ne, don Allah a sanar da mu.

Na yi garajen cewa zan iya abin da ya rage. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma iskar da take riga shi ba irin ta rani ba ce. Shekaranjiya fanka ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, bututu yana rawa, awaki suka tsinke igiya. Wutsiyar da na yi ba ta kau da ita daga iska, ƙara fuskantar da ita take yi.

Na tambayi Fulbert mai gyaran babur a Mokolo. Ya ce da na ga hadari in cire batir, in ba haka ba kuran zai yi masa yawa ya ƙone. Haka ne? Kuma ta yaya ake tsayar da ita in ta riga ta ɗauki gudu? Ba zane nake roƙo ba. Layi biyu sun isa, ko da wani za ka sa ya rubuta.

Ɗanka,
Bilya


Asibitin Mokolo,
11 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ni ce Hindu. Ina gaishe ka, ina gai da mutanen gida. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya a lekol, makarantar boko. Ɗanka yana raye, yana ci yana sha, da wannan zan fara. Amma ba zai iya rubuto maka ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin. Ya ruga akurki ya cire batir kamar yadda aka gaya masa. Cirewarsa ke da wuya fanka ta ninka gudu. Ba a ganin fukafukan ma, sai ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Waya ɗaya ta fara sassautawa, bututu ya karkace. Na riƙe masa riga na ce, "Bar ta ta faɗi, mu shiga ɗaki." Ya ce, "Dinamon Kawu ne a sama. Kwana tara ya yi a kansa da wannan idon nasa. Ba zai iya naɗa wani ba." Ya fizge, ya jingina tsani, ya hau da igiya don ya zarga wa wutsiyar ya juya ta. Ya kusa kamawa iska ta sauya. Fanka ta waiwayo ta same shi a hannun dama.

Ihuna ne ya kawo Théodore. Shi ya ɗaure hannun da ɗankwalina, ya goya shi a baya cikin ruwan sama har bakin hanya, ni da Madeleine muna tallafe da ƙafafunsa. Likita ya yi ƙoƙari kwana biyu. Ranar Asabar suka yanke daga wuyan hannu.

Ya ce kada in gaya maka dalilin hawansa, wai zai dame ka. Na gaya maka ne don ka san inda kake a zuciyarsa.

Kawu, yaya idon? Ba sai an ci gaba da ɓoyewa ba. Tun watan Janairu Inna ta aiko mana cewa likita ya ce yanar ido ta rufe maka ido ɗaya, ta kama ɗayan, kuma ka hana a faɗa wa kowa. Ta sa mu rantse ba za mu nuna mun sani ba. Shi ya sa ya rubuta maka ka bar zane ka huta. Ya daɗe yana neman yadda zai faɗa ba tare da ya tona Inna ba. Da muka ji shiru sai muka ce idon ne ya ƙarasa. Ko jiya da ya farka abin da ya fara tambaya ke nan, ko Brahim ya zo da labarinka.

In akwai mai rubuta maka, a sanar da mu halin da kake ciki.

'Yarka,
Hindu


Pumpumre, Garwa,
16 ga Mayu, 1994

Bilya da Hindu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ce. Kun tambayi jikina. Lafiyata ƙalau. Ido ɗaya yana gani, da shi nake rubuta wannan, kuma da na ga dama da na rubuta muku da shi a watan Fabrairu da na Afrilu. Hindu, ki karanta masa duka, kada ki tsallake komai.

Ba ido ne ya hana ni ba. Takarda ta biyu na gama ta tun farkon azumi. Tana cikin ambulan, na rubuta sunanka a baya, ina jiran Brahim. Sai ya shigo da taka. Na karanta inda ka ce wani tsoho bai ga irinta ko a Garwa ba, na karanta inda ka ce lokacina ya wuce, abin da ya rage za ka iya da kanka. Sau uku na karanta. Ban ga tausayi a ciki ba. Yaron da ya ajiye mini kayan aiki na gani, ya dawo ya karɓi abin da yake so, ya sake juya baya. Na jefa ambulan a aljihun tebur na ce, to, ya iya ɗin mu gani. Brahim ya tsaya yana tambaya ko akwai saƙo. Na ce babu.

Takardarka ta Afrilu ma ta iso a kan lokaci. Ban buɗe ta ba. Na ɗora ta a kan kanta, na ce wani yabon kai ne. Matata ta yi mini magana sau biyu, na ce ba ruwanta. Sai da na karanta ta Hindu na sauko da ita. Layi biyu ka roƙa.

Ga su, ko da yake ba su da amfani yanzu. Ba a cire batir fanka tana gudu. Batir shi ne kayan da yake danne ta. In ka sauke mata kaya sai ta zabura. Birkinta kuwa a ƙasa yake, ba a sama ba: wayoyinta ake haɗe wa juna da makunni tun iska ba ta yi ƙarfi ba, sai ta yi nauyi ta tsaya. A ƙarshen takardar na rubuta da manyan baƙaƙe cewa in ta ƙwace, kowa ya shiga ɗaki a bar ta ta karye. Wannan layin yana cikin aljihun teburina ranar da ka hau tsani.

Kada ku ga laifin Fulbert. Abin da ya sani a babur ya faɗa. Wanda ya san gaskiya shi ne ya yi shiru.

Na so in hau mota tun ranar da labari ya zo. Na fasa, don ba zan zo in zauna a bakin gadonka kuna yi mini sannu da ido ba, alhali ba ku san wanda kuke yi wa sannu ba. Yanzu kun sani. In kun ce in zo, zan zo. In kun ce kada in zo, ba ku zalunce ni ba.

Shagon nan naka ne in kana so. Kana da ido, ni ina da hannu. Ban san abin da zan ce ba bayan wannan.

Shu'aibu


Dutsen bayan Mokolo,
8 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ni ce Hindu. Muna gaishe ku. An sallame mu bayan Layya da mako ɗaya, mun dawo dutse. Ciwon yana warkewa, sai dai yana cewa yatsun da babu su suna yi masa ƙaiƙayi. Mun tarar Théodore da Madeleine sun shuka mana gona, sun kuma riƙe awaki. Bututu ya faɗi tun ranar, fukafukai sun farfashe, amma dinamo bai yi komai ba. Théodore ya kwance shi ya ajiye a rumbunsa. Mun koma fitila.

Na karanta masa takardarka duka, ban tsallake komai ba. Da na kai wajen maganar takardarsa ta Afrilu ya ce in sake. Na sake. Ya juya fuska bango. Bayan kwana uku ya ce in ɗauko biro. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa:

"Kawu, na yafe. Ba don abin ƙarami ba ne. Ni ma na taɓa yi maka shiru shekara bakwai, ka buɗe takardata ranar da ta iso. Kuma ba kai ka jingina tsani ba. Matata ta ce in bari ban bari ba. Shago na gode, amma ba zan dawo Garwa in zauna ana nuna ni ba. Nan zan zauna. Hindu ta fara tari kuma. Ina so a sake tayar da fankar bayan damina, da wutsiyar gaskiya da birki. Théodore ya ce zai sassaƙa fukafukan in na tsaya a kansa. Ka je a duba maka idon, kada ka ƙara ɓoyewa."

Nan maganarsa ta ƙare. Abin da ya biyo baya nawa ne, bai san na rubuta ba.

Kawu, ni ban kai inda ya kai ba. Ni ce nake ɗaura masa mazagi da safe. Ni ce nake ganinsa yana kai hannun da babu wajen fartanya, sannan ya tuna. Na so in ce kada a sake kafa komai a dutsen nan, ko tarin zai kashe ni. Amma ranar da ya fara maganar fukafukai ita ce ranar da ya fara cinye tuwonsa, don haka na yi shiru.

Ka zo in ruwa ya ɗauke. Théodore zai tarye ka a bakin hanya da jaki, saboda hawan. Za ka samu shimfiɗa da abinci da ladabin da ya kamace ka, ba za ka ga canji a fuskata ba. Abu ɗaya nake roƙo. Takardar nan ta biyu kada ka ba Brahim. Ka kawo ta da kanka, ka zauna a gabansa ka karanta masa ita da bakinka, tun daga farko har layin ƙarshe mai manyan baƙaƙe. Ina so in tsaya a bakin ƙofa in ji. Wataƙila daga nan ni ma in iya yafe maka.

Hindu